FASHIN BAƘI: Dalilin da ya sa wasan poka ya halatta burga amma ya haramta azarɓaɓi

A watan Yulin 2024, mutum 10,112 ne suka zauna a babbar gasar wasan karta na poka ta duniya, wadda ake gudanarwa duk shekara a birnin Las Vegas na ƙasar Amurka. Kuɗin kowace kujera dala 10,000 ne. Bayan kimanin mako biyu ana kai ruwa rana, wani Ba'amurke mai suna Jonathan Tamayo ya tattare dukkan ƙwandalolin robar da ke wakiltar dukiyar 'yan wasa a gabansa, ya koma gida da dala miliyan 10.

A tsawon waɗannan kwanaki, yaudara ce sana'ar kowa. Mai riƙe da katin banza zai tura tulin ƙwandaloli gaba, ya ɗaure fuska kamar wanda ya riga ya ci, har abokin karawarsa mai kati mai kyau ya tsorata ya janye. Idan burgar ta ci, tafi ake yi masa. Amma shi wannan da aka yi wa tafi, da zai kuskura ya jefar da katinsa sakan biyu kafin layi ya zo kansa, nan take mai raba kati zai ja masa kunne. Idan ya maimaita, a kira alƙalin zaure, wanda ke da ikon tayar da shi daga kujerarsa na ɗan lokaci, ko ya sallame shi daga gasar baki ɗaya.

Ga baƙo, wannan kamar an kifa hukunci ne, an ƙyale babban laifi an kama ƙarami. Ga waɗanda suka rubuta dokokin wasan kuwa, lissafin a fili yake. Mai burga da dukiyarsa yake kasada. Mai riga-malam-masallaci da dukiyar wani yake yi.

Wasan poka da ake zuba kuɗi a cikinsa caca ne. Musulunci ya haramta caca, kuma dokokin Shari'a na jihohi irin su Kano da Zamfara sun tanadi hukunci ga mai yin ta. Yawancin masu jin Hausa a fim kawai suka taɓa ganin irin wannan tebur, misali a fim ɗin James Bond na 2006 mai suna Casino Royale. Abin da ya ja hankali a nan shi ne yadda wata masana'anta da ke juya miliyoyin daloli tsakanin mutanen da ba su yarda da juna ba ta samar da dokar bin layi, da kuma inda dokar ta gaza.

Yadda layi ke zagayawa

Nau'in poka da ya fi shahara shi ne Texas Hold'em, kuma da kati 52 ake yin sa. Tebur kan ɗauki mutum tara, wani lokaci goma. Kowa zai karɓi kati biyu a kife, waɗanda shi kaɗai zai gani. Daga nan sai a buɗe kati biyar a tsakiyar tebur, na kowa da kowa, amma daki-daki: uku da farko, sannan ɗaya, sannan na ƙarshe. Kafin a buɗe ukun farko akwai zagayen zubi, haka kuma bayan kowace buɗewa. Zagaye huɗu ke nan a kowane rabo, wanda 'yan wasa ke kira hannu.

Idan layi ya zo kan mutum kuma babu wanda ya zuba komai kafin shi, yana iya ƙwanƙwasa tebur, ma'ana ya wuce ba tare da zubi ba, ko kuma ya buɗe zubin. Idan an riga an zuba, zaɓi uku ne a gabansa: ya amsa da daidai adadin, ya ƙara a kai, ko ya janye ta hanyar tura katinsa a kife. Ana cin tarin da ke tsakiyar tebur ta hanya biyu, ko dai katin mutum ya fi na kowa ƙarfi a ƙarshe, ko kuma kowa ya janye ya bar shi.

Akwai wani ɗan farin faifai da ake ajiyewa a gaban ɗaya daga cikin 'yan wasa. Mutum biyu da ke hagu da shi su ne ke yin zubin dole, ƙarami da babba, tun kafin su ga katinsu. A zagaye uku na ƙarshe, na hagun faifan ne ke fara magana, layi ya bi yadda hannun agogo ke tafiya, mai faifan ya rufe. Da an gama hannu, faifan ya matsa kujera ɗaya.

Wannan matsawar ba ado ba ce. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ya ga cinikin sa, ya san yadda mai saye da mai sayarwa ke ƙi-faɗi, kowa na so ɗayan ya fara furta farashi, domin wanda ya fara ya buɗe cikinsa. Haka abin yake a poka. Mai magana a ƙarshe ya riga ya ga wanda ya nuna rauni da wanda ya nuna ƙarfi kafin ya taɓa ƙwandala ɗaya. Ƙwararru sun daɗe da sanin cewa kujerar faifai ta fi kowace kujera kawo riba, kuma kujerun zubin dole sun fi kowace jawo asara. Shi ya sa ake zagayawa da ita, kowa ya ɗanɗana daɗin da ɗacin daidai da na kowa. Wanda ya yi magana kafin lokacinsa ya rushe wannan rabon ne: ya ɗauki fifikon da tsari ya ba wani, ya miƙa wa wani.

Abin da sakan biyu ke jawowa

A ɗauka mutum uku suka rage a hannu, tarin da ke tsakiya ya kai 100,000. Na farko ya zuba 60,000. Na tsakiya yana riƙe da kati matsakaici, ba mai ƙarfi ba, ba kuma na yarwa ba. Idan da su biyu ne kawai, lissafinsa mai sauƙi ne: zai sa 60,000 domin ya ci tarin da zai zama 220,000, don haka idan yana ganin zai yi nasara a kusan kashi 27 cikin 100 na irin wannan yanayi, amsawa ta fi janyewa. Amma akwai na uku a bayansa da bai ce komai ba. Wataƙila shi ne ke riƙe da katin da ya fi na kowa, wataƙila ya ninka zubin, 60,000 ɗin na tsakiya ta tafi a banza. Wannan fargabar kan sa na tsakiya ya haƙura ya janye.

Na farko ya san da wannan fargaba. A kanta ma ya gina burgarsa. Ya zuba 60,000 ne ba don katinsa na da kyau ba, sai don ya san ya matse na tsakiya tsakanin wuta biyu.

To sai na uku, wanda ya gaji da jira ko hankalinsa ya tafi kan waya, ya tura katinsa tun na tsakiya na tunani. A ganinsa bai cuci kowa ba, ai ficewa ya yi. Amma nan take fargabar na tsakiya ta kau, ya amsa cikin kwanciyar hankali, ya kama na farko da katin banza. Tarin 220,000 ya sauya hannu saboda motsin mutumin da ba shi da ko sisin riba a ciki. Ba a iya mayar da abin da ido ya gani, don haka babu hukuncin da zai biya na farko asararsa. Iyakar abin da doka za ta iya shi ne ta sa a ji tsoron maimaitawa.

A gasa lamarin ya fi haka faɗi. Kyauta na ƙaruwa ne gwargwadon daɗewar mutum, saboda haka duk wanda aka fitar ya ɗaga darajar kowa da ya rage, har waɗanda ke zaune a wani tebur can ƙarshen zaure. Hannun da aka ɓata a tebur ɗaya na iya ceton wanda ya kamata ya fita, ya jefa wani da bai ma san an yi ba.

Wannan kuskure ne. Akwai kuma na ganganci. A ce mutum biyu suka rage, saura kati ɗaya a buɗe. Na ƙarshe yana da kati huɗu masu alama iri ɗaya, yana neman na biyar. Daga cikin kati 46 da bai gani ba, tara ne za su cika masa buri, wato kusan sau ɗaya cikin biyar. Ya san idan na farko ya yi zubi mai nauyi, bin sa asara ne. Abin da yake so shi ne ya ga katin ƙarshe kyauta. Sai ya yi wuf ya tura ƙwandaloli gaba tun na farko bai yi magana ba, a dakatar da shi, ya ba da haƙuri. Na farko, ganin abokin karawarsa na ɗokin zubi, sai ya ƙwanƙwasa tebur, ko don tsoro ko don ya ɗana masa tarko. Idan babu dokar da ta ɗaure shi, na ƙarshe zai janye ƙwandalolinsa, shi ma ya ƙwanƙwasa, ya samu katin da ya kamata ya biya kuɗi kafin ya gani.

Abin da doka ta ce

Poka ya samo asali ne a farkon ƙarni na 19 a yankin New Orleans da jiragen ruwan kogin Mississippi, kuma fiye da shekara ɗari kowane gida da tasa ƙa'idar. Ko a 1970, lokacin da Benny Binion ya tara wasu 'yan tsirarun gwanaye a gidan cacarsa na Horseshoe ya kafa gasar duniya, ƙuri'a suka kaɗa a tsakaninsu suka zaɓi Johnny Moss a matsayin zakara. Mutane ne da suka san juna, suna jin kunyar juna, kuma wanda ya yi abin assha ya san gobe ba za a gayyace shi ba.

Sai a 2001 ne Matt Savage da Linda Johnson da Jan Fisher da David Lamb suka kafa ƙungiyar daraktocin gasar poka, wadda aka fi sani da TDA, domin a samu ƙa'ida ɗaya da za a bi ko'ina. Sun yi a kan gaɓa. A 2003, wani akanta daga jihar Tennessee mai suna Chris Moneymaker, wanda ya samu kujerarsa ta wata ƙaramar gasa a intanet, ya doke sauran mutum 838 ya ci dala miliyan biyu da rabi. Shekara uku bayan nan, masu shiga gasar suka kai 8,773.

Da yawa cikin waɗannan sababbin zuwa a gaban kwamfuta suka koyi wasan, kuma a can azarɓaɓi ba ya yiwuwa. Manhaja ba ta karɓar umarnin mutum sai layi ya zo kansa, kuma ko ya riga ya zaɓi janyewa, babu wanda zai sani sai lokacin ya yi. Dubban mutane suka cika zaurukan Las Vegas sun haddace lissafi, amma ba su taɓa koyon yadda ake riƙe hannu da fuska a gaban jama'a ba. Kunya ta daina wadatarwa, dole aka koma ga rubutu.

Ƙa'idar TDA a kan wannan batu gajera ce. Idan mutum ya yi magana ko ya tura ƙwandala kafin lokacinsa, za a tsayar da wasa a mayar da layi kan wanda aka tsallake. Idan wanda aka tsallake ya ƙwanƙwasa, ko ya amsa, ko ya janye, to yanayi bai canza ba, kuma abin da mai azarɓaɓin ya furta ya hau kansa. Idan kuwa wanda aka tsallake ya buɗe zubi ko ya yi ƙari, kiɗa ya canza, rawa ma ta canza: a mayar wa mai azarɓaɓin ƙwandalolinsa, ya sake zaɓi daga farko. Janyewa ce kaɗai ba ta da gyara. Katin da aka jefar ya tafi ke nan. A kowane hali, alƙali na da damar ƙara hukunci a kai.

Da wannan aka toshe ƙofar mai neman katin kyauta, domin da zarar na farko ya ƙwanƙwasa, zubin ƙaryar ya zama na gaske. Har ma dokar kan juye ta zama makami a hannun wanda aka tsallake. Idan katinsa na da ƙarfi, ya san tabbas akwai zubi a bayansa, sai ya ƙwanƙwasa da gangan, ya bari a zuba, sannan ya ninka.

Wani ɓangare na dokar da mutane ba su cika lura da shi ba ya ɗora nauyi a kan shi wanda aka tsallake. Wajibi ne ya yi magana. Idan ya samu isasshen lokaci amma ya yi gum har wasa ya yi nisa a bayansa, wato mutum biyu suka yi motsi kuma ɗayansu ya sa ƙwandala, ko mutum uku suka yi kowane irin motsi, to abin da suka yi ya tabbata, kuma alƙali na iya kashe katinsa ko ya hana shi ƙari. Dalilin shi ne akwai masu ɓoye katinsu a bayan tulin ƙwandala ko ƙarƙashin tafin hannu domin a ɗauka sun fita, su zauna su ga abin da kowa zai yi, sannan su ɗaga murya su ce an tsallake su. Saboda irinsu ne aka wajabta kati ya kasance a sarari a kan tebur, manyan ƙwandaloli kuma a jere su a gaba inda kowa zai gani.

Hukunci hawa-hawa ne: gargaɗi, ko hana hannu ɗaya, ko hana zagaye ɗaya ko fiye, ko kora. Zagaye ɗaya na nufin mutum zai tashi ya bar wurin har a raba hannu daidai da yawan mutanen teburin, alhali ana ci gaba da cire zubin dole daga dukiyarsa. A tsarin da manyan gasa ke bi yanzu, abin da ake cirewa a zagaye guda ya kai ninki biyu da rabi na babban zubin dole. Wanda ninki goma ya rage masa zai dawo ya tarar rubu'in dukiyarsa ya tafi.

Ƙofar da ta rage a buɗe

Duk da haka dokar ba ta kama komai ba, kuma masu wayo sun san inda take yoyo. Mutum na iya sanar da cewa ya zuba duk abin da ya mallaka tun layi bai zo kansa ba, yana kallon fuskar abokin karawarsa. Idan abokin ya yi zubi, yanayi ya canza, maganar ta warware, ya janye abinsa bayan ya auna ƙarfin wancan. Wani kuma ba zai furta komai ba. Zai damƙi ƙwandaloli ya riƙe a bakin layi kamar mai shirin amsawa domin ya kashe wa mai niyyar burga gwiwa, ko ya riƙe katinsa tsakanin yatsu biyu kamar mai shirin jefarwa alhali kati mai ƙarfi ne. Ƙwandala ba ta ƙetare ba, baki bai furta ba, don haka a rubuce babu laifi.

Nan ne bambancin burga da irin wannan wayo ke fitowa. Masanin lissafi John von Neumann, a littafin da suka wallafa da Oskar Morgenstern a 1944 kan nazarin wasanni da tattalin arziki, ya nuna ta hanyar lissafi cewa burga ginshiƙi ce a poka: wanda ba ya zubi sai da kati mai kyau, kowa zai gane shi, ba kuma zai ci komai ba. Kowa ya zauna a tebur ya amince za a yi masa wannan ƙaryar, kuma mai yin ta zai biya farashinta idan aka kama shi. Mai wasa da layi kuwa ƙarya yake yi game da ƙa'idar kanta, yana fakewa da kuskure, kuma yana neman riba ba tare da ya sa komai a kasada ba.

Matsalar ita ce niyya ba ta da shaida. Tsoho mai raunin ido da bai ga katin maƙwabcinsa ba, da ƙwararren da ya shirya abinsa tsaf, motsi ɗaya suke yi. Shi ya sa ƙa'idar farko a kundin TDA ta ba alƙali ikon fifita adalci da maslahar wasan a kan zahirin rubutu, kuma ta ce hukuncinsa ba shi da ɗaukaka ƙara. Iko ne babba a hannun mutum ɗaya da galibi bai ga abin da ya faru da idonsa ba, sai bayanin mai raba kati da hayaniyar masu ƙorafi.

Sauran ladubban tebur

Yawancin abin da ake kira ladabin poka reshe ne na wannan tushe. An hana zubi kashi-kashi, wato mutum ya tura wasu ƙwandaloli, ya dubi fuskar abokinsa, sannan ya koma ya ƙaro. Abin da ya fara turawa shi ne zubinsa, sai in ya riga ya furta adadi. Idan ana bin mutum zubi ya jefa babbar ƙwandala ɗaya bai ce uffan ba, amsawa ce, ba ƙari ba. Magana a lokacinta ta fi hannu ƙarfi: abin da baki ya faɗa shi ake bi.

Wanda ya janye ba shi da bakin magana har hannu ya ƙare. Idan ya buga tebur don takaici da ganin katin da aka buɗe, ya gaya wa kowa abin da ya jefar. Tashi daga kujera kafin layi ya zo ma janyewa ce a fakaice. Ba a ba wa mai riƙe da kati shawara, ko daga matarsa ce. A gasar Las Vegas, Turanci kaɗai aka yarda a yi a tebur muddin akwai kati a hannu, don kada 'yan gari ɗaya su yi kashe-mu-raba a gaban mutane. Wanda kuma ya wuce gona da iri wajen tunani, ana iya kiran alƙali ya ba shi kimanin sakan 30, in bai yanke shawara ba katinsa ya mutu.

Surutu ya fi wuyar hukuntawa. A gasar 2016, wani lauya ɗan Ingila mai suna William Kassouf ya yi suna wajen damun abokan karawa da magana ba ƙaƙƙautawa. A wani hannu da ya yi da wata 'yar wasa, Stacy Matuson, an umarce shi ya yi shiru, sai ya koma yi da hannu. Ta janye kati mai kyau, ya nuna mata na banza, daraktan gasar Jack Effel kuma ya tayar da shi na zagaye ɗaya. Kassouf ya dawo ya ci gaba har ya ƙare a matsayi na 17, kuma masu bin wasan sun rabu biyu a kan ko gwaninta ce ko cin zarafi.

Akwai kuma abin da duniyar poka ta fi tsana duk da ba ya canza ko ƙwandala ɗaya: mutum ya san katinsa ya fi, amma ya ja lokaci kafin ya buɗe, ya bar abokinsa ya ɗauka ya ci, sannan ya kife shi. Wannan wulaƙanci ne zalla, kuma galibi da tsangwama ake rama shi.

Abin da ya faru a Madrid

Misalin da aka fi kawowa kan yadda ake mayar da doka tarko ya faru ne a watan Mayun 2011, a wasan ƙarshe na gasar poka ta nahiyar Turai da aka yi a Madrid, babban birnin Sifaniya. Gasar ta kusa ƙarewa, kyamarori na ɗauka. Bayan an buɗe katin ƙarshe a wani hannu, Eugene Yanayt ɗan Amurka ya yi zubi. Ivan Freitez ɗan Benezuwela ya furta kalmar ƙari, amma ya tura ƙwandalolin amsawa kawai, sannan ya ce amsawa yake nufi, Turancinsa ne ba shi da kyau.

Bai tsallake layi ba. Lokacinsa ne. Amma dabarar 'yar gida ɗaya ce da ta mai azarɓaɓin ganganci: a yi kamar an yi kuskure domin abokin karawa ya karanta abin da ba shi ne ba. Freitez ya san ƙa'ida za ta tilasta masa cika maganarsa, kuma ya san mutumin da aka tilasta wa ƙari ba ya kama da mai kati mai ƙarfi. Shigo-shigo ba zurfi ke nan.

Aka kira daraktan gasar, Thomas Kremser ɗan Ostiriya. Ba shi da mafita a rubuce: magana ta hau kan mai ita, dole Freitez ya yi mafi ƙarancin ƙari, wanda shi ne ainihin abin da ake zargin yana nema. Sai Kremser ya yi abin da ba a saba gani ba. Ya dubi Yanayt a gaban kowa ya shaida masa cewa ba yau ne farau ba, Freitez ya taɓa yin haka a wannan gasa, kuma a wancan karon kati mai matuƙar ƙarfi ne a hannunsa.

Wasu sun yaba masa, suka ce ya yi amfani da ƙa'idar farko yadda ya dace. Wasu suka ce alƙali ya shiga hannun da ba nasa ba, ya ba ɗan wasa ɗaya labari a kan ɗaya, wanda shi ne abin da duk dokokin nan ke ƙoƙarin hanawa. Wasu kuma suka ce gargaɗin ya yi kaɗan, tun karon farko ya kamata a tayar da mutumin daga kujera.

Yanayt, wanda ke da sarki biyu, ya yi tunani, ya dubi girman tarin da ƙanƙantar abin da aka ƙara masa, ya amsa. Freitez ya buɗe kati uku iri ɗaya haɗe da wasu biyu iri ɗaya, ya kwashe tarin. A ƙarshen gasar shi ne ya ɗaga kofin, tare da kyautar yuro miliyan ɗaya da rabi.